Fuskar Riga da Cikinta

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai wata magana da take yawo a danginmu wadda na gaji da jin ta guntu-guntu, yau a gidan suna gobe a zaman makoki, kowa da irin gishirin da yake ƙara mata. Wai Sa'adatu ta je Kebbe ta yi wa Bappanta Buhari wayo, ta kwashe sirrin gidanmu ta watsa wa duniya. Duk masu faɗin haka ba wanda yake wurin. Ni ina wurin tun daga farko har ƙarshe, kuma tun da Allah ya ara mini kwana hannuna yana iya riƙe biro, gara in rubuta yadda aka yi. Wanda ya karanta ya ga dama ya ci gaba da surutunsa, wannan kuma ruwansa.

Mahaifinmu Malam Garba, wanda ba ku riske shi ba, mai ɗinkin hannu ne, irin aikin da ake yi wa babbar riga a wuya da aljihu da baya. Daga Jega har Yabo ana kawo masa riguna Kebbe, mutum ya jira damina ta wuce bai karɓi tasa ba kuma bai yi ƙorafi ba. A cikin duk abin da ya ɗinka akwai guda da bai yi don sayarwa ba, ta saƙi ce mai duhu, aikinta aska takwas da zaren tsamiya. Cikin askakin ya cika su da wasu 'yan ramuka ƙanana, jere reras, waɗanda a gidanmu muke kira ƙwan kifi. Wasu maɗinka ma suna yin irinsu, sai dai nasu da an kai riga wurin bugu sau ɗaya sau biyu ramukan su rufe, aiki ya kwanta. Na Malam kuwa ko an kwana ana bugu suna nan a buɗe kamar ranar da aka zare allura. Abin da ya sa haka yana can ta cikin rigar, a yadda yake ɗaure zare a bayan kowane rami. Shi ya sa gidanmu yake da doka tun kakanni: fuskar riga ta kowa ce, a duba a yaba, amma cikinta ɗan gida kawai ake juya wa, shi ma sai wanda ya riƙe allura. Rigunan mutane kuwa Malam yakan rufe bayan aikin da shafi, wato ƙyallen da ake ɗinkawa ta ciki, kafin ya miƙa.

Ni allura ba ta karɓe ni ba. Malam yakan ce ina riƙe ta kamar mai shirin yin huɗa, daga baya ya sallame ni da albarka na taho Tambuwal na shiga harkar hatsi. Yayana Buhari shi ya zauna, shi ya gaji allura, shi ya gaji rigar, ya kuma gaji taurin kan Malam har da ƙari. Mutum ne da za ku wuni tare bai yi maganar da ta cika cokali ba, amma in ya ce a'a, to a nemi wata hanyar. Ina jin tsoronsa ina kuma son sa, har na yi furfura ban taɓa zama a kan tabarmarsa ba sai ya nuna mini wuri.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da Yaya Buhari ya ajiye allura. Idonsa ya daɗe yana raguwa, an je asibiti an dawo, an ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa sauran. Yana gane mutum, yana zuwa masallaci da kansa, amma kafar allura ta ɓace masa. 'Ya'yansa maza kuwa, wannan yana kabu-kabu, wancan yana bayan shanu, ba wanda ya taɓa zama ya koya. Da babbar Sallah muka je Kebbe gaba ɗaya kamar yadda muka saba, aka fito da rigar daga adaka aka shimfiɗa don a sha iska. A nan 'yata Sa'adatu ta durƙusa ta daɗe tana kallo, ta nuna mini gefen hannu inda asu ya fara ci. Mai aikin ya rasu, magajinsa ba ya gani, ga rigar kanta ta kama hanya. In aka ƙara 'yan shekaru a haka, ƙwan kifin Malam sai dai a ba da labarinsa.

A lokacin Sa'adatu tana Sakkwato tana aikin gina wa mutane shafuka a intanet. Ni dai na san tana zama gaban kwamfuta ana biyan ta, ban taɓa tambayar abin da ya wuce haka ba. Bayan mun dawo Tambuwal, da hantsi ina zaune gindin dogon yaron ƙofar gida, ta zo ta miƙo mini wayarta. Hoton wata tabarma ne, ba wani abin mamaki. Ta ce in ɗora yatsu biyu in buɗa. Na buɗa, tabarma ta matso. Na sake buɗawa, na ga saƙar kaba ɗaya bayan ɗaya. Na ƙara, har na ga jijiyar kabar da inda rini bai kama ba. Na san hoton waya, in ka matsa masa sai ya dagule ya koma kamar kunu. Wannan kuwa ko'ina na shiga sai ya ƙara washewa.

"Ke, wanga wane irin tsahi na?" na ce mata.

Ta yi dariya. "Baba, ba tsahi na ba, haƙuri na. Ba hoto guda anka ɗauka ba. Kaɗan-kaɗan nika bin abu da kyamara, wanga gefe na hawa bisa wancan, sannan kwamfuta ta haɗe su su koma hoto guda mai girman gaske."

"To in shina da girma hakanan, ƙaƙa ya shiga wagga 'yar waya?"

"Bai shiga ba. In an haɗe shi sai a sake yanka shi gutsattsari ƙanana, a yi na nesa, a yi na tsaka-tsaki, a yi na kusa, a aje su can inda shafin yake. In ka buɗa yatsu, wayar na aikawa a kawo mata gutsattsarin wurin da kaka kallo kawai. Sauran na can ba su motsa ba."

Nan take na gane, don harkata ce. Mai tuwo ba ta jawo rumbu zuwa murhu, abin da za a ci yau take ɗiba ta bar saura. Na gaya mata haka, ta ce wallahi ko malaminsu bai yi bayanin da ya kai wannan ba, wanda na san zolaya ce amma na ji daɗi. Ta ƙara da cewa saboda haka ne ko a inda sabis yake da rauni irin Kebbe hoton zai buɗe, in mutum ya ɗan jira. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta: tana so ta yi wa rigar Malam irin wannan tun asu bai gama da ita ba.

Muka kama hanyar Kebbe a farkon damina, ni a babur ɗaya ita a ɗaya, ta rungume jakar kayanta kamar jariri, kowane rami muka faɗa sai ta yi salati. Muka sami Yaya Buhari a zaure. Bayan gaisuwa na gabatar da magana.

"Fuska ko ciki?" ya ce.

"Fuska kawai, Bappa," in ji Sa'adatu.

"To mi ar abin shawara? Fuska ta kowa ta. Ɗauki."

Ga wurin da nake so ku buɗe kunne, don a nan ne masu surutu suke yi mata ƙarya. Sa'adatu ba ta ce na gode ta tashi ba. Ta gyara zama ta ce masa wannan hoton ba irin wanda ya sani ba ne, zai nuna zare ɗaya-ɗaya, zai nuna inda allura ta shiga da inda ta fito, kuma duk wanda yake da waya a duniya zai iya gani. Ta miƙa masa hoton tabarmar nan don ya gwada. Ya ture wayar da bayan hannu.

"Ɗiyata, na san hoto tun ba a haifi uwarki ba. Wanda anka yi muna ranar auren ubanki na nan ɗaki, ko hancina ba a ganewa. Abin da idon maɗinki bai ɗauka ba shina tsaye gaban riga, gilashi ba ya ɗaukar shi."

Ta sake faɗa, ya sake kore ta da dariya. Ni ma na sa baki, ya ce in bar shi da iyayin mutanen Tambuwal. Shi a saninsa hoto abu ne da yake rage abu, bai taɓa ganin wanda yake ƙara shi ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Aikin da ta yi ranar har yanzu ban manta da shi ba. Ta ƙi rana, ta ce tana sa zare ƙyalli. Aka shimfiɗa farin zane a inuwar rumfa, Yaya Buhari da kansa ya baza rigar, don ta ce ita ba za ta taɓa ba. Ta kafa kyamara a kan wani ƙarfe tana kallon ƙasa, ta ɗauka, ta gusa kamar faɗin tafin hannu, ta ɗauka, ta gusa. In gajimare ya gifta sai ta tsaya ta jira haske ya dawo yadda yake. Inna Kulu, matar Yaya, ta kawo fura har ta tsinke ba ta sha ba. Kaji suka dame ta, ni da nake Alhaji guda aka mai da ni mai korar kaji. Wani wuri iska ta ɗaga gefen rigar kaɗan, ta ce layin nan duka sai an sake, kuma ta sake ba tare da tsaki ba. Ina kallon bayanta a sunkuye sai na ga zaman Malam sak. Yarinyar da ban taɓa jin ta ce tana son ɗinki ba, ashe haƙurin gidan ita ya bi.

Bayan 'yan makonni ta aiko mini da shafin. Ta rubuta a sama: ɗinkin Malam Garba na Kebbe. Na buɗa yatsu a kan aljihu na yi ta shiga. Na girma da rigar nan, na sha ganin ta a jikin Malam ranar Juma'a, amma wallahi ban taɓa ganin ta ba sai ranar. Kowane rami da zare ya zagaye shi daidai, ba wanda ya fi ɗan'uwansa, ga su nan ba iyaka, duk da hasken rana da idon mutum aka yi su. Na ga wurin da tsamiya ta ƙare masa ya sa wata mai ɗan haske. Na ga ɗigon goro kusa da wuya. Mahaifiyarku ta fito ta same ni ina share ido, ta ce lafiya, na ce hayaƙin murhunta ne, ta ce ai ba ta hura wuta ba tukuna.

Abin ya karɓu. Wasu mutane masu kula da kayan tarihi suka gani, suka kira Sa'adatu suka ce za su ba ta aiki babba irin wannan, amma manyansu za su zauna su duba shafin tukuna. Tana ta murna, mu ma muna taya ta.

Ana cikin haka, gero ya fara fitar da kai, sai ga saƙo daga Kebbe: Yaya yana nemana, yau ba gobe ba. Na same shi a zaure, fuska a murtuke, bai nuna mini wurin zama ba. Ya jefo mini wani ƙyalle. Na ɗauka na duba, wuyan riga ne sabo, cike da ƙwan kifi. Ashe wani maɗinki ne daga Jega, Malam Isa, ya ga shafin, ya zauna da wayarsa yana buɗa yatsu yana bin zare har ya kwaikwaya. Bawan Allah ba da mugunta ba, don girmamawa ya hawo mota ya kawo wa ɗan Malam Garba ya sa masa albarka. Har yana gaya masa da fara'a cewa a Jega yanzu masu riguna suna tambayar ɗinkin Malam Garba da sunansa.

"Haruna," Yaya ya ce, "abin da kakanninmu sunka ɓoye cikin adaka, kai da ɗiyarka kun kai shi kasuwar Jega."

"Yaya, ta gaya maka. Gabana ta gaya maka."

"Ban tambaye ka ba. A cire shi."

Na dawo Tambuwal raina a jagule. Ina da bakin magana, don rigar ta ubanmu ce mu biyu, kuma gaskiya tana wajen yarinyar. Na kira ta a waya na zayyana mata. Ta ce cirewa ba wuya, yanzu-yanzu ma za ta iya, amma mutanen nan ba su zauna ba tukuna, in suka buɗe suka tarar ba komai, shi ke nan. Ta ce duk abin da na ce shi za ta yi. Na wuni ina juya abin. Mahaifiyarku ta ce in roƙi Yaya ya ƙara mana kwanaki kaɗan, na ce ba ki san shi ba. Na duba na ga a duniya mutum ɗaya ya rage da ya san ƙwan kifi ciki da waje, in na ɓata da shi, ko hoton ya zauna, rabin abin kawai muka tsira da shi, kuma na rasa ɗan'uwa. Da la'asar na ce mata ta rufe.

"To, Baba," ta ce. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Aikin nan bai zo ba. Aka ba wani. Na san ta yi kuka, don ƙanwarta ta gaya mini, amma ni ba ta taɓa nuna mini a fuska ba, ba ta kuma taɓa cewa ai ga abin da ka jawo mini ba. Na daɗe ina jin nauyin wannan a zuciyata, har yau ma bai sauka duka ba. Abin da ta yi maimakon fushi shi ya ƙara mini ganin girmanta. Ta sami wata babbar waya mai faɗi kamar allo, ta zuba hoton duka a ciki yadda zai buɗe ko ba sabis, ta hau babur ita kaɗai ta je Kebbe. Ta gaishe da Bappanta, ya amsa da ƙyar. Ta ajiye masa a gefen tabarma ta ce an rufe shafi, wannan shi ne abin da ya rage, nasa ne, in ya so ya duba in ya so ya jefa a rijiya. Ta koya wa Inna Kulu yadda ake kunnawa, ta juyo.

Sauran damina Yaya bai neme ni ba. Na aika masa da buhun sabon gero, ya karɓa, amma ko a gaishe shi bai aiko ba. Sai bayan an gama girbi Inna Kulu ta aiko a ce in zo, ba faɗa ba ne. Ta tare ni a ƙofa tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce allon nan ya daɗe a kan taga yana shan ƙura, ran nan ta shigo ta tarar ya ɗauka yana lalube, ta kunna masa ta fita. Tun daga ranar, in ya dawo sallar Asuba ya karya, yana kansa har Azahar.

Na shiga. Wannan karon ya nuna mini wuri. Allon yana kan cinyarsa, ya kusa manna shi da fuska, ya buɗa rami guda har ya kai girman bakin ƙwarya.

"Haruna, ina gani," ya ce. "Rabona da ganin zaren Malam tun kahin a yi auren ɗana Bello. Ga shi. Dubi inda yaj juya hannu."

Ya yi ta ja da yatsa yana nuna mini, yana magana kamar ba shi ba, ya faɗi abin da bai faɗa ba a shekara guda. Ya ce ɗiyar nan ta gaya masa gaskiya, shi ne bai ji ba. Daga nan sai ya laluba ƙarƙashin tabarma ya zaro ƙyallen Malam Isa, ya miƙo mini da allura, ya ce in tsinke zare ɗaya a tsakiya in ja. Na tsinke na ja. Layin gaba ɗaya ya biyo hannuna, ramuka suka bi juna suka rufe.

"Ka gani? Fuska ya gani, fuska ya yi. Hannunai na da kyau, ban raina mai ba. Amma ta baya miƙe zare ya yi daga rami zuwa rami, bai san ana ɗaurewa ba. Wagga riga in ta je bugu sau biyu ta mutu." Ya karɓe ƙyallen daga hannuna. "Kuma sunan Malam aka kira bisa gare ta."

Sai a lokacin na gane abin da yake cin sa. Rufe shafi bai mai da komai cikin adaka ba. Waɗanda suka gani sun gani, suna can suna yi, kuma duk rigar da ta lalace a hannun mai ita za a ce ai ɗinkin Malam Garba ne, ashe haka yake. Yaya zai iya jure a ce an sace musu sana'a. Abin da ba zai iya jurewa ba shi ne a ce aikin ubansa ba ya ƙarko. Ya daɗe yana murza ƙyallen nan a hannu, ni kuwa na kama bakina, don na san in na ba shi shawara zai yi akasinta.

"Kira ɗiyarka," ya ce. "Ta taho da ƙarhen nan nata."

Ta zo ranar wata Asabar. Aka shimfiɗa farin zane a inuwar rumfa kamar wancan karon. Yaya ya fito da rigar a kafaɗa, ya yi alwala tukuna, ya durƙusa. Ya sa hannu ta wuya ya kamo, ya tsaya. Tun da aka kafa gidanmu ba a taɓa juya wa wanda bai riƙe allura ba cikin riga, balle mace, balle duniya. Sa'adatu ta ce, "Bappa, in ba ka so, wallahi a bari. Ba wanda zai ga laihinka." Ya yi bisimilla ya juya.

Ni kaina ranar na fara gani. Bayan kowane rami akwai ɗan ƙulli ƙarami, kowanne zaman kansa yake, ba ruwansa da maƙwabcinsa. Cikin ya fi fuskar tsabta. Yaya ya bi da yatsa ya nuna mata wuraren da zai so ta fi matsawa, ya ce ta rubuta a shafin cewa wanda zai yi ya fara duba nan, kuma a aika wa Isa na Jega ya zo da allurarsa, akwai abin da sai an riƙe hannun mutum. Ta ce to. Ta sunkuya ta fara, ɗauka, gusa, ɗauka, gusa.

Shi kuwa bai iya tsayawa kallo ba. Ya miƙe ya koma zaure ya zauna ya ba rumfar baya. Na bi shi na zauna kusa. Muna jin ƙarar kyamarar daga ciki, ƙyas, ƙyas. Hawaye yana bin gemunsa bai share ba, ni ma ban ce masa ya yi haƙuri ba. Can ya dafa gwiwata, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara.

"Haruna, Malam ya ba ni amana, ni kau na buɗe ta da hannuna. Ban sani ba ko na yi daidai. In munka iske shi can ya tambaye ni, kak ka bar ni ni ɗai. Ka zo ka tsaya kusa."

Na ce, "Ina tsayawa, Yaya."

Shafin yana nan har yau, fuska da ciki, kowannenku yana iya buɗewa a wayarsa. Malam Isa ya yi ta zuwa Kebbe har hannunsa ya faɗa, yanzu shi ma yana koya wa wasu. Sa'adatu ba ta yi wa kowa wayo ba, ta faɗi gaskiya tun farko, ta yi asara ta yi shiru, kuma ba ta taɓa rigar da hannunta ba ko sau ɗaya. Yaya Buhari ya riga ni tafiya, Allah ya jiƙansa da rahama, ya haɗa shi da Malam a inuwa guda. Ni ma ba nisa ya rage mini ba. Na yi masa alkawari, kuma in an tambaya zan ce da ni aka yi.